Ruwan Nano, Ranar Khartum da Hukuncin Al'ada

Ruwan nano ruwa ne, ko mai, ko wani abu mai gudana da aka zuba wa garin ƙarfe ko na gawayi mai tsananin laushi domin ya ƙara iya ɗaukar zafi ya kai shi wani wuri. Ƙwaya ɗaya ta wannan gari ba ta wuce nanomita 100, alhali kaurin silin gashin kai yakan kai nanomita 50,000 ko fiye. Dalilin haɗin a fili yake. Ruwa gwani ne wajen riƙe zafi, amma yana da nawa wajen miƙa shi: a ma'aunin injiniyoyi ƙarfin miƙa zafi na ruwa kusan 0.6 ne, na jan ƙarfe kuwa wajen 400. Tun 1873 James Clerk Maxwell ya fitar da lissafin yadda ƙwayoyi da aka watsa cikin wani abu ke sauya ƙarfinsa na miƙa wuta, kuma lissafin nan yana aiki ga zafi. Abin da ya hana a ci moriyarsa shi ne manyan ƙwayoyi ba sa zama cikin ruwa. Wanda ya ɗebi ruwan Shuɗin Nilu a Khartum cikin Agusta, lokacin da kogin ya sauko da lakar tsaunukan Habasha, ya ajiye shi a bokiti, zai dawo ya tarar laka ta kwanta. A cikin inji wannan kwanciya tana toshe bututu tana cinye famfo. Amma idan faɗin ƙwaya ya ragu sau 100, saurin nutsewarta yana raguwa sau 10,000, har ta kai matsayin da bugun da ƙwayoyin ruwan da kansu ke yi mata ya isa ya hana ta zama ƙasa. A kan wannan ne Stephen Choi na cibiyar bincike ta Argonne a Amurka ya gina shawarar da ya gabatar a 1995, daga nan fannin ya buɗe.

Alaƙar ruwan nano da rana ta fuska biyu ce. Na'urar tara zafin rana da aka saba gani baƙin faranti ce a ƙarƙashin gilashi, rana ta gasa farantin, farantin ya miƙa zafi ga ruwan da ke bin bututu a bayansa. A nan fatan da ake yi shi ne ruwan nano ya fi ruwa zalla saurin kwashe zafin. Fuska ta biyu ta fi ban sha'awa. Tsabtataccen ruwa yana barin mafi yawan hasken rana ya ratsa shi ya wuce, amma ɗan garin gawayi kaɗan yana mayar da shi baƙi, sai ruwan da kansa ya zama mai shan hasken, ba a buƙatar faranti. A 1975 an gwada wannan da baƙar tawada, a 2009 kuma Tyagi da Phelan da Prasher suka lissafa cewa irin wannan na'ura mai ruwan nano za ta iya fin mai faranti da kusan kashi 10 cikin 100.

Birane kaɗan ne maganar ta shafa kamar Khartum da Omdurman. Suna kusa da layi na 15 da rabi arewa da tsakiyar duniya, rana tana tsayawa daidai kan kai sau biyu a shekara, farkon Mayu da cikin Agusta. Hasken rana yana kai wajen sa'o'i 3,700 a shekara, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun kimanin kilowat-awa 6 a yini, kuma a Mayu da Yuni zafin rana tsaka yakan haura digiri 41. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 wutar lantarki ta zama abin nema, mutane da yawa suka koma ga farantan sola domin jan ruwa da kunna fitila. Farantin sola lantarki yake bayarwa, kuma aikinsa yana raguwa idan ya yi zafi, shi ya sa sanyaya bayansa da ruwa, har da ruwan nano, ya zama wani reshe na binciken.

Kafin a ƙera na'ura akan gina ta da lissafi. Samfurin lissafi na wannan fanni yana tsaye kan tsofaffin ƙa'idoji. Ta gudun ruwa ta Navier da Stokes ce, daga 1822 zuwa 1845. Ta tafiyar zafi ta Joseph Fourier ce, a littafinsa na 1822: zafi yana gangarawa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi gwargwadon tazarar zafin da ke tsakaninsu. Ta yaɗuwar abu cikin abu ta Adolf Fick ce, a 1855, kuma siffarta ɗaya da ta Fourier. Sai ƙa'idar da ke faɗin yadda haske ke raguwa yayin da yake nutsawa cikin ruwa mai duhu. A 2006 Jacopo Buongiorno na jami'ar MIT ya duba hanyoyi bakwai da ƙwayar nano za ta iya zamewa daga ruwan da ke ɗauke da ita, ya yanke cewa biyu ne ke da nauyi. Ɗaya ita ce karkarwar nan da Robert Brown ya gani a madubin ƙara girma a 1827, wadda Einstein ya yi wa lissafi a 1905. Ɗayar ita ce gudun da ƙwayoyi ke yi daga ɓangare mai zafi zuwa mai sanyi. Ke nan zafi yana tura ƙwayoyi, taruwar ƙwayoyi kuma tana sauya tafiyar zafi, don haka ba a lissafa ɗaya a bar ɗaya. Ana haɗa jimlolin lissafin a ba kwamfuta, ta fito da zane mai nuna zafin kowane gurbi a cikin bututu.

Tambayar ita ce wane irin sani ne wannan zane. Yana fita da lambobi masu ɗigo da yawa, yana da kamannin tabbas, kuma mai karatu yakan ɗauka an faɗa masa abin da zai faru a kan rufin gida a Omdurman da azahar. Ilimin tauhidi da ake karantawa daga Kano zuwa Sennar yana da kayan aikin da suka dace da wannan tambaya. Shehu Muhammad bin Yusuf Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, mai Ummul Barahin, ya raba hukunci gida uku: na hankali, na al'ada, na shari'a. Littattafansa sun shiga zaurukan ƙasar Hausa da makarantun Sudan tun ƙarnuka da suka wuce, kuma ɗaliban Najeriya da Nijar da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Ƙasa da Ƙasa a Khartum, ko a Jami'ar Musulunci ta Omdurman wadda asalinta ke komawa ga ma'ahadin ilimi na 1912, da yawansu sun taho da wannan rabo a kansu tun daga gida. Hukuncin hankali shi ne wanda ba ya jiran gwaji, kamar cewa biyu ta fi ɗaya. Yana da kashi uku, wajibi da mustahili da ja'izi. Hukuncin al'ada kuwa ƙulla abu da abu ne saboda an ga suna zuwa tare sau da yawa, kamar wuta da ƙuna, ko abinci da ƙoshi, tare da yarda cewa haɗin zai iya warwarewa, kuma ɗayan ba shi ne mai yin ɗayan da ikon kansa ba.

Idan aka ɗora samfurin ruwan nano a kan wannan ma'auni, sai a ga ba abu ɗaya ba ne. Akwai sashen da ke hukuncin hankali tsantsa: matuƙar an karɓi jimlolin farko, sakamakon da ya biyo baya dole ne, kuma kwamfutar da aka tsara daidai ba ta yin komai sai bin wannan dole. Akwai sashen da ke al'ada: ƙa'idar Fourier da ta Fick ba hankali ne ya wajabta su ba, maimaita gwaji ne ya tsayar da su, kuma babu wani karo a hankali idan aka ƙaddara duniyar da zafi ke tafiya ta wata hanya dabam. Fourier da kansa ya buɗe littafinsa da cewa sabubban farko a ɓoye suke gare mu, abin da ake iya ganowa ta lura shi ne dokokin da suke bi. Malamin zaure zai ji wannan magana bai ga baƙon abu a cikinta ba. Sai sashe na uku, wanda ya fi kowane yawa kuma aka fi saurin mantawa da shi, wato abubuwan da mai lissafi ya ƙaddara domin aikin ya yiwu. Ya ƙaddara cewa ƙwayoyin duk mulmulallu ne masu girma ɗaya, ba sa mannewa da juna, ruwan yana gudu a natse, gilashin fes yake, hasken rana ba ya sauyawa. Waɗannan hankali bai wajabta su ba, maimaici kuma bai tabbatar da su ba. Matsayinsu ja'izi ne kawai, abin da zai iya kasancewa zai iya rashin kasancewa. Sakamako kuwa ba ya fin mafi raunin abin da aka gina shi a kai ƙarfi. Kuskuren da ya fi yawa a fannin shi ne a ɗauki tabbas ɗin sashen farko a lulluɓa wa na uku.

Muhawara kan zafi da sababi tsohuwa ce a Musulunci, kuma da wuta aka yi ta. A mas'ala ta 17 ta Tahafutul Falasifa, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki misalin auduga da wuta. Ya ce ido yana ganin ƙuna ta auku a lokacin da suka haɗu, amma ba ya ganin cewa wutar ce ta yi ta. Mai yin ƙunar Allah ne. Da wannan ya buɗe wa mu'ujiza ƙofa, kamar wutar da ba ta ƙona Annabi Ibrahim ba, wadda labarinta ya zo a Suratul Anbiya. Ibn Rushdi na Ƙurɗuba, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut cewa sanin abu sanin sababinsa ne, wanda ya kore sabubba ya kore hankali. Ibn Taimiyya da almajiransa suka ɗauki wata hanya, cewa Allah ya sanya wa abubuwa ƙarfi na gaske kuma da su yake aikatawa. A Sudan ta yau ra'ayin Gazali da na Ibn Taimiyya duka suna da mabiya, tsakanin malaman ɗariƙu da ke kan Ash'ariyya da jama'ar Ansarus Sunna. David Hume na Sikotilan ya zo da kusan hujjar Gazali a ƙarni na 18, ba tare da ya kai ga sakamakonsa na tauhidi ba.

Samfurin lissafi ba ya raba wannan gardama, kuma ba zai iya ba. Jimlar Fourier tana cewa idan tazarar zafi kaza ce, gudun zafi kaza ne. Ba ta faɗi wanda ya yi ba. Ba'ash'are zai karanta ta a matsayin rubutacciyar sunnar Allah a cikin halittarsa, mabiyin Ibn Rushdi zai karanta ta a matsayin ɗabi'ar abu, kuma lambar da za su samu ɗaya ce. Haka ma karkarwar Brown: da mai lissafi ya ce motsin ƙwaya na kan-mai-uwa-da-wabi ne, iyakar abin da yake nufi shi ne ba zai iya bin kowane bugu ɗaya bayan ɗaya ba, sai ya koma ga matsakaici. Wannan bayani ne kan iyakar mai lissafi, bai taɓa maganar ƙaddara ba ta ko'ina. Masu neman hujjar imani ko ta kafirci a cikin irin waɗannan jimloli suna neman abin da ba a zuba a ciki ba.

Inda tauhidin ke da abin cewa ga injiniya shi ne sharaɗin maimaici. Tarihin ruwan nano da kansa ya nuna haka. A 2001 masu bincike a Argonne suka ba da rahoton cewa garin jan ƙarfe da bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na cikin ruwan gilaikol ba ya ƙara masa ƙarfin miƙa zafi da kusan kashi 40. Lissafin Maxwell bai yarda da ko kashi 1 cikakke ba. Aka shiga rubuce-rubuce, aka ƙirƙiri samfura da dama domin bayyana wannan abin mamaki, kowanne da lissafinsa mai kyau. Daga baya aka shirya gwaji na haɗin gwiwa: aka raba ruwan nano iri ɗaya ga cibiyoyin bincike sama da 30 a ƙasashe dabam-dabam, kowa ya auna da na'urarsa. Sakamakon ya fito a 2009, kuma a cikin abin da aka auna ba a ga wani ƙari da ya wuce abin da tsohon lissafin Maxwell da gyare-gyarensa ke hasashe ba. Ƙarin yana nan, amma ɗan madaidaici ne: ƙwayoyi mulmulallu kashi 1 cikin 100 suna ba da kusan kashi 3. Abin da aka gani sau ɗaya a ɗaki ɗaya labari ne. Bai zama al'ada ba sai ya dawo a hannun wasu.

Akwai wata karkatacciyar fahimta da ya kamata a kauce mata a nan. Yiwuwar warwarewar al'ada da malaman tauhidi ke magana a kai ta shafi mu'ujiza da karama. Ba mafaka ba ce ga wanda na'urarsa ta ƙi aiki. Gazali da kansa ya amsa wa masu cewa ra'ayinsa zai sa mutum ya bar littafi a gida ya yi shakkar ko ya rikiɗe ya zama wata dabba, ya ce Allah yana halitta mana sanin cewa al'ada za ta ci gaba yadda take. A Munƙizu minad Dalal kuma ya yi kakkausan suka ga mai ƙaryata lissafin husufi da sunan kare addini, ya ce cutar da addinin yake yi. Don haka idan gwaji ya saɓa wa samfuri, abin da ya kamata a nema shi ne wane sharaɗi aka manta. Faɗin "haka Allah ya so" gaskiya ne a kowane hali, ga na'urar da ta yi aiki da wadda ta lalace, saboda haka ba ya wadatarwa a matsayin rahoton injiniya.

Sharuɗɗan da ake mantawa suna da yawa a sararin Khartum. Na farko ƙura. Guguwar habub, wadda takan taso kamar katanga ta rufe birnin daga Mayu zuwa cikin damina, tana barin gilashi a dusashe, kuma ƙurar da ke rataye a iska tana warwatsa haske, abin da ke rage amfanin na'urorin da ke tattara hasken da madubi. Ruwan sama bai cika kai milimita 200 a shekara ba, don haka ba sama ce za ta wanke gilashin ba. Na biyu zafin kansa. Idan famfo ya tsaya da rana tsaka, abin da ɗaukewar wuta ke jawowa, ruwan da ke cikin na'ura mai gilashi zai iya haura digiri 150, kuma da yawa daga sinadaran da ake sakawa don hana ƙwayoyi mannewa suna lalacewa tun kafin nan. Da ƙwayoyin sun dunƙule sun koma laka, sun kwanta, ruwan nano ya ƙare. Na uku kauri: ƙwayoyi suna ƙara wa ruwa kauri, famfo ya ƙara cin wuta, kuma suna rage yawan zafin da kilo ɗaya na ruwan ke iya riƙewa, domin ruwa ya fi jan ƙarfe riƙon zafi fiye da sau 10. Ribar da aka samu a gefe guda takan zube a wani.

Wani babban kaso na rubuce-rubucen fannin bai ma kusanci waɗannan ba. Salon da ya yaɗu shi ne a ƙaddara wani shimfiɗaɗɗen faranti da ake ja yana miƙewa, ruwa na gudu a kansa, matsalar da Crane ya warware a 1970 aka shigar da ruwan nano cikinta a 2010. Sai a ƙara maganaɗisu, a ƙara haɗuwar sinadarai, a ƙara haske ta hanyar taƙaitawar Rosseland, a sa wa aikin sunan makamashin rana. Svein Rosseland masanin taurari ne ɗan Nowe, kuma ya yi taƙaitawarsa ne domin cikin tauraro, inda haske ba ya yin nisa kafin a shanye shi. Hasken da ke saukowa daga sama ya ratsa gilashi ya shiga ruwa mai zurfin 'yan santimita wani abu ne dabam. Irin wannan aiki yana iya zama daidai a lissafi daga farko har ƙarshe, yana da amfani wajen horar da ɗalibi, kuma a inda ɗakunan gwaji suka lalace ko babu kuɗin kayan aiki, kwamfuta ce kaɗai abin da ya rage a hannun mai bincike; jami'o'in Khartum sun ɗanɗana wannan tun 2023. Ba laifi ba ne a yi shi. Laifin yana farawa ne a sakin layi na ƙarshe, inda akan rubuta cewa sakamakon zai inganta na'urorin rana, alhali babu na'urar da aka auna.

A nan hukunci na uku, na shari'a, yake shigowa, kuma maganarsa gajera ce. Fiƙihun Malikiyya da ake bi a Sudan da ƙasar Hausa ya hana garari, wato rashin tabbas, a ciniki, ya hana ɓoye aibin kaya. Wanda ya sayar wa asibiti ko gidan burodi na'ura bisa alkawarin ƙarin kashi kaza, yana sane cewa lambar daga kwamfuta ta fito ba daga rufin gida ba, kuma bai faɗa ba, ya sayar da zato da farashin tabbas. Haka mai ba gwamnati ko ƙungiyar agaji shawara.

Hanyar mayar da ja'izi al'ada sananniya ce, kuma ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Ibnul Haisam, wanda ya rasu wajen 1040 a Alƙahira, ya rubuta kan madubai masu ƙonawa da hasken rana, ya haɗa lissafi da gwaji, ya kuma rubuta littafi guda kan shakkunsa game da masanin taurari Batlamus saboda samfurin taurarinsa ya ƙunshi abin da ba zai yiwu a zahiri ba. Abin da ruwan nano ke buƙata a Khartum na'urori biyu ne iri ɗaya a rufi ɗaya, ɗaya da ruwa zalla ɗaya da ruwan nano, a auna zafin shiga da na fita da wutar da famfo ya ci, a bar su su ratsa zafin Mayu da habub da sanyin Janairu, a duba ruwan kowane wata a ga ko ya kwanta, sannan wasu su maimaita a Bahri ko a Wad Madani. Duk lambar da ba ta bi ta wannan hanya ba, wajibi ne mai kawo ta ya rubuta a gefenta cewa lissafi ce, ba a gwada ta ba tukuna.